Me wanda bai san aikinmu ba zai ƙara mana?

Tambaya: Ni ne shugaban wani ƙaramin sashe mai mutum shida a wurin aikinmu. Mun yi wata uku muna tsara sabuwar hanyar karɓar koke-koken abokan hulɗa da amsa su, kuma duk mun gamsu da ita. Da na kai wa manajanmu sai ya ce in fara nuna wa mutanen wasu sassa, har da wasu daga wajen ma'aikatar, kafin a zauna a kanta. Gaskiya abin ya sosa mini rai. Wanda bai san aikinmu ba me zai ƙara mana? Ina kuma tsoron a ce ban iya ba, ko wani ya ɗauke dabarar ya ce tasa ce. Akwai amfani a cikin wannan, ko ɓata lokaci ne kawai?

Amsa: Malam, na karanta tambayarka sau biyu, kuma inda idona ya tsaya shi ne inda ka ce duk kun gamsu. Na daɗe ina taimaka wa ma'aikatu wajen tsara ayyuka da gyara hanyoyin gudanar da su, kuma duk lokacin da na ji wannan magana sai in gyara zama. Mutum shida da ke ofis ɗaya, suna karanta takardu iri ɗaya, suna jin ƙorafi iri ɗaya kullum, in suka yarda da abu ɗaya kada ka lissafa su a matsayin shaidu shida. Kusan shaida ɗaya ne ya yi magana sau shida.

Manajanka yana da gaskiya, sai dai ina jin ka ɗauki maganarsa kamar cewa ya yi wasu sun fi ku sanin aikinku. Babu wanda ya kai ku sanin yadda koke yake shigowa, da inda yake maƙalewa, da irin mutumin da ke kira sau uku a wuni. Abin da na waje yake da shi, ku kuma kuka rasa, shi ne rashin sani. Ku ba za ku iya sake karanta tsarin nan kamar yau kuka fara ganinsa ba, shi kuwa zai iya.

A 1990 wata ɗalibar digiri na uku a Jami'ar Stanford da ke Amurka, Elizabeth Newton, ta yi wani gwaji mai sauƙi da ke nuna abin da nake nufi. Ta raba mutane gida biyu. Wasu za su ƙwanƙwasa tebur da yatsa bisa kiɗan wata waƙa da kowa ya sani, wasu kuma su saurara su faɗi wace waƙa ce. Masu ƙwanƙwasawa sun yi hasashen za a gane kusan rabi. Aka ƙwanƙwasa waƙa 120, aka gane 3 kacal. Dalili kuwa a fili yake: mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar tana tashi a cikin kansa, da murya da amshi da komai, mai saurare kuwa ƙas-ƙas-ƙas kawai yake ji a kan katako. Har mamaki mai ƙwanƙwasawar yake yi, wai yaya abu mai sauƙi haka zai gagari mutum. To ku shidan nan kun yi wata uku waƙar tana tashi a kanku. Takardar da kuka rubuta ƙwanƙwasar tebur ce ga duk wanda bai zauna da ku ba, kuma waɗanda ba su zauna da ku ba su ne za su yi aiki da ita.

Ni ma ta taɓa ci da ni. A wata ma'aikata da na yi wa aiki mun tsara sabon fom na neman kayan aiki daga sito. Mun yi makonni muna gyara, har muna yaba wa kanmu cewa mun mayar da shafi biyu ya koma ɗaya. Bayan an fara amfani da shi, wata sabuwar ma'aikaciya da ba ta cika mako biyu ba ta riƙe biro ta tsaya a layi na uku, ta ɗago kai ta ce, "Ranka ya daɗe, lambar nan ta sashe ake nufi ko ta aikin?" Mu da muka rubuta "lamba" ba mu taɓa tunanin akwai wata lamba ba sai ta aikin. Da muka janyo waɗanda aka riga aka cika, sai ga su da yawa an sa ta sashe, kuma tsofaffin ma'aikata ne suka cika su, kunyar tambaya ce ta hana su magana. Yarinyar ba ta fi mu ilimi ba. Ba ta dai kai ga jin kunyar cewa ba ta gane ba.

Abin kuma yana ƙaruwa da daɗewa tare. Ralph Katz da Thomas Allen sun bi diddigin ƙungiyoyin bincike 50 a wani babban ɗakin bincike, suka wallafa sakamakon a 1982. Sun ga cewa in mutanen ƙungiya suka haura kimanin shekara biyar tare, hulɗarsu da na waje tana raguwa, ingancin aikinsu kuma yana sauka tare da ita. Ba lalaci ne ya kama su ba. Sun saba ne har sun fara ganin duk abin da bai fito daga cikinsu ba bai kai a saurare shi ba. Ban san shekara nawa kuka yi tare ba, amma tambayar nan taka ta "me zai ƙara mana" irin maganar da ake ji ce a cikin irin waɗannan ƙungiyoyi.

Bari in ba ka labarin da na fi so a wannan fanni, domin ya faru ne da mutumin da ya kamata a ce ya fi kowa tsira daga wannan tarko. Daniel Kahneman, masanin halayyar ɗan'adam da ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, ya taɓa jagorantar wata ƙungiya a Isra'ila da ke rubuta manhaja da littafin koyar da dabarun yanke shawara ga ɗaliban sakandare. Bayan kamar shekara guda suna aiki, komai yana tafiya daidai, sai ya ce kowa ya rubuta a 'yar takarda shekara nawa yake ganin ya rage su gama. Amsoshin suka taru tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi. A cikinsu akwai wani ƙwararre kan tsara manhajoji, Seymour Fox, shi ma abin da ya rubuta bai fita daga wannan ba. Sai Kahneman ya juya ya yi masa wata tambayar dabam: ka san wasu ƙungiyoyi da suka yi irin wannan aiki? Daga inda muke yanzu, shekara nawa suka ɗauka? Fox ya yi shiru, sannan ya ce kimanin kashi 40 cikin 100 ba su ma gama ba, waɗanda suka gama kuwa bai san wadda ta yi ƙasa da shekara bakwai ba, ko wadda ta wuce goma. Da aka tambaye shi ko su sun fi waɗancan, ya ce in ma da bambanci, sun ɗan gaza matsakaici.

Duba abin mamakin. Ilimin yana cikin kan mutumin tun farko, amma da aka tambaye shi a matsayin ɗan ƙungiya ya ce shekara biyu, da aka tambaye shi a matsayin mai kallo daga nesa ya ce bakwai zuwa goma. Abu na biyu kuma, wanda ya fi ciwo: sun ji wannan magana, suka ɗan tattauna, suka ci gaba da aiki kamar ba a faɗa ba. Littafin ya ɗauki shekara takwas, kafin nan sha'awar ma'aikatar ilimi ta huce, ba a taɓa koyar da shi ba.

Abin da za ka ɗauka a nan ya shafe ka kai tsaye. Ba ku ne na farko da suka sake tsarin karɓar koke ba. Akwai asibitoci da bankuna da kamfanonin waya da makarantu da suka yi kafin ku. Ka nemo mutum biyu ko uku da suka taɓa yi, kada ka tambaye su ko tsarinku ya yi kyau. Ka tambaye su nasu wata nawa ya ɗauka kafin ya zauna, me ya fara lalacewa, wane ne ya ƙi ba da haɗin kai, kuma bayan shekara guda ana nan ana bin sa ko an koma gidan jiya. In ka samu wanda nasa ya rushe, riƙe shi da kyau, ya fi mai nasara amfani a gare ka. Mai nasara sau da yawa bai san takamaiman abin da ya cece shi ba, wanda ya faɗi kuwa ya san dutsen da ya yi tuntuɓe da shi.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ta wanda bai san aikin ba kwata-kwata. Asibitin yara na Great Ormond Street da ke Landan yana yi wa jarirai tiyatar zuciya. Likitocinsa sun lura cewa ɗaya daga cikin lokuta mafiya haɗari shi ne bayan an gama tiyata, lokacin da za a ɗauko yaro daga ɗakin tiyata a miƙa shi ga sashen kulawa ta musamman. A cikin 'yan mintoci za a cire wayoyi da bututu daga wasu na'urori a mayar kan wasu, ana kuma faɗa wa sababbin ma'aikata duk abin da ya faru. Wata rana likitoci biyu, Martin Elliott da Allan Goldman, suna kallon tseren motoci a talabijin bayan sun fito daga aiki, sai suka ga yadda mota ke tsayawa mutum wajen ashirin su rufar mata, su canza tayoyi huɗu su zuba mai cikin daƙiƙa bakwai, ba wanda ya taka wani. Suka tuntuɓi masu tseren, har suka je wurin ƙungiyar Ferrari a Italiya, aka nuna wa mutanenta bidiyon yadda ake miƙa yaro.

Makanikan nan ba su san komai game da zuciyar jariri ba, ba su kuma yi da'awar sun sani ba. Abin da suka gani shi ne mutane da yawa suna magana lokaci guda, kowa yana kai hannu inda ya ga dama, kuma ba a san wanda ke jan ragamar aikin ba. A wurinsu akwai mutum ɗaya da mota ba ta tashi sai ya ba da izini. Likitocin suka koma gida, suka haɗa da shawarar wasu masu horar da matuƙan jirgin sama, suka tsara tasu hanya: likitan da ke sa barci shi ke jagora, a fara haɗa na'urori a tabbatar da su, sannan a yi bayani, sannan a tattauna abin da za a yi gaba. Binciken da aka wallafa a 2007, wanda ya duba miƙawa 50, ya nuna kurakuran haɗa kayan aiki sun ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, bayanan da ake mantawa ba a faɗa ba kuma sun ragu da kusan rabi.

Ka lura da rabon aikin. Baƙi sun nuna inda ke yoyo, masu ɗaki suka yi yaɓe. Babu makanikin da ya ce ga maganin da za a ba yaro. Abin da ya sa idonsu ya yi amfani shi ne matsalarsu da ta asibitin siffarsu ɗaya, wato mutane da yawa suna miƙa abu mai haɗari cikin ɗan lokaci, ko da yake fannoninsu sun yi hannun riga. Irin wannan baƙon za ka nema. Tsarin koke a asalinsa saƙo ne da ke shigowa, a tantance shi, a tura wa wanda ya dace, a bi shi har a rufe. Ma'aikaciyar jinya da ke tantance marasa lafiya a ƙofar sashen gaggawa ta san wannan aiki ciki da bai. Haka mai kula da gyaran na'urori da ake kira daga ko'ina, haka mai raba kaya a kamfanin aika saƙo. Ba su san abokan hulɗarku ba, amma sun san abin da ke faruwa in abu goma suka zo lokaci guda kowa yana cewa nasa ne na gaggawa.

Wannan ba dace ba ne na sau ɗaya. Lars Bo Jeppesen da Karim Lakhani sun duba matsalolin kimiyya 166 da kamfanoni suka kasa warwarewa a cikin gida suka baza su ga jama'a ta dandalin InnoCentive. A sakamakon da suka fitar a 2010, sun ga cewa gwargwadon nisan fannin mutum da fannin matsalar, gwargwadon yiwuwar tasa amsar ta yi nasara. Amma a kiyaye, waɗannan masana ne a nasu fannin, ba 'yan kallo ba.

Sai dai kada ka ɗauka duk abin da na waje ya faɗa gaskiya ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wannan magana tana nan daram. A abin da na gani, in na waje ya ce maka "a nan na ruɗe" ko "wannan ya ba ni haushi," kusan kullum yana da gaskiya, domin labarin abin da ya same shi yake ba ka. In kuma ya ci gaba ya ce "ga yadda za ku gyara," sau da yawa ya kauce, domin bai san dokar da ta ɗaure ku ba, bai san kasafin kuɗinku ba, bai san an gwada hakan shekara uku da suka wuce ba. Ka karɓi kukan da hannu biyu, ka ajiye maganin ka duba shi a natse. Kamfanin Pixar mai yin fina-finan zane yana da wani zama da manyan masu shirya fim suke kallon aikin ɗan'uwansu tun bai nuna ba su faɗi duk abin da suka ga bai yi ba, ba sani ba sabo. Ƙa'idar zaman ita ce ba su da ikon tilasta komai, hukunci yana hannun daraktan fim ɗin. Saboda haka shi darakta ba ya shiga zaman da garkuwa a hannu, su kuma ba sa tauna magana. Ka gaya wa duk wanda za ka tambaya tun farko cewa idonsa kake so, hukunci kuwa yana wurinka da manajanka.

Tambayar da ka yi ma tana iya kai ka ta baro. A 1985 kamfanin Coca-Cola ya canza ɗanɗanon lemonsa bayan gwajin ɗanɗano kusan 200,000 da ya nuna mutane sun fi son sabon. Jama'a suka yi ca, bayan kwana 79 aka dawo da tsohon. Kamfanin ya tambayi na waje, da yawa ma. Abin da gwajin ya auna shi ne wanne ya fi daɗi a kurɓi ɗaya, bai auna yadda mutum zai ji in aka ɗauke masa wanda ya saba da shi gaba ɗaya ba. Ka tuna da wannan in za ka tambayi abokan hulɗarku. In sabon tsarin zai rufe wata tsohuwar hanya, misali kiran wani ma'aikaci da suka saba da shi kai tsaye, ka faɗa musu ƙarara cewa za a rufe, ka ga fuskarsu.

To su wa za ka nema? Fara da wanda aikinku ke sauka a kansa. Duk tsarin koke yana ƙarewa ne a teburin wani: akawun da zai mayar da kuɗi, injiniyan da zai je gyara, mai kula da kwamfutoci da za a ce ya ƙara wani abu a manhaja. Waɗannan su ne za su iya kashe tsarinku ba tare da sun ce uffan ba, su dai ƙi ba shi muhimmanci kawai. Sai wanda ke bakin ƙofa, mai amsa waya ko mai karɓar baƙi, wanda ake fara sauke wa fushi. Mutane kan tsallake shi saboda ƙaramin ma'aikaci ne, alhali ya fi kowa sanin kalmomin da mai koke yake amfani da su. Sai abokin hulɗa da ya taɓa kawo koke bai ji daɗin yadda aka yi da shi ba. Wanda ya gamsu zai yi maka kara, wanda ransa ya ɓaci ba ya jin nauyinka. Abokinka na kusa kuwa ka bar shi, so hana ganin laifi ne, kuma mai yiwuwa tunaninku ɗaya ne shi ya sa kuka zama abokai.

Ba ka buƙatar taron jama'a. Jakob Nielsen, wanda ya yi suna wajen gwada sauƙin amfani da manhajojin kwamfuta, ya nuna cewa mutum biyar sukan tono kimanin kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da abu, daga nan sai ka riƙa jin maimaici. Ya fi kyau ka gwada da biyar, ka gyara, ka sake gwadawa da wasu biyar, da ka tara goma sha biyar rana ɗaya.

Ka kuma gan su ɗaya bayan ɗaya. In ka tara su a ɗaki guda, wanda ya fara magana, ko wanda ya fi muƙami, shi zai shata layi sauran su zama 'yan amshi. Kai kanka ma matsala ne a cikin ɗakin, tunda kowa ya san dabarar taka ce. Bayan mamayar da Amurka ta ɗauki nauyi a gaɓar Kuba ta watse a watan Afrilun 1961, an gano cewa wasu mashawartan Shugaba Kennedy suna da shakku amma suka haɗiye. Da rikicin makamai masu linzami na Kuba ya taso a Oktoban 1962, sai ya riƙa ƙaurace wa wasu zaman da gangan don mutane su saki baki, aka kuma gayyato wasu daga waje. In shugaban ƙasa ya ga zamansa yana ɗaure harshen mutane, kai ma naka yana yi, ko da a kan mutum biyar ne. Wani zaman ka tura ɗaya daga cikin yaranka ya je ya ji.

Yadda za ka gabatar da abin shi ne inda mafi yawan mutane suke ɓata rawarsu da tsalle. Sukan yi minti ashirin suna bayani, da zumuɗi a fuska, sannan su ce "yaya ka gani?" Wa zai ce maka bai yi ba bayan wannan? Miƙa masa takardar ko fom ɗin, ka ba shi wani koke na gwaji, ka ce ya bi da shi daga farko har ƙarshe yana faɗin abin da ke ransa. Kai kuma ka kama bakinka, ka riƙe biro. Zai tsaya a wani wuri ya yamutsa fuska, za ka ji kamar ka yi tsalle ka ce "ai abin da ake nufi shi ne..." Kada ka yi. Ranar da za a fara aiki da tsarin ba za ka kasance a bayan kowa kana fassara ba. Wannan shirun yana da wuya ƙwarai, ni har yau sai na danne kaina.

In za ka yi tambaya, tambayi abin da ya riga ya faru. "Za ka yi amfani da wannan?" amsarta kullum e ce, kuma ba ta da nauyi. "Ba ni labarin karo na ƙarshe da ka kawo koke, me ya faru?" ita ke fito da gaskiya. Akwai kuma dabarar da Gary Klein ya bayyana a 2007, wadda nake amfani da ita kusan a kowane aiki. Za ka ce wa mutane: mu ɗauka shekara ta zagayo, tsarin nan ya rushe warwas, kowa ya ɗauki minti kaɗan ya rubuta abin da ya kashe shi. Ni nakan kira shi zaman makoki kafin rasuwa. Amfaninsa shi ne ya mayar da suka ta zama aikin da aka sa mutum, don haka mai kunya ma sai ka ga ya rubuta abin da ba zai taɓa faɗa da baki ba. Wasu kan naɗa mutum ɗaya ya riƙa yin adawa da gangan. Ba laifi, amma binciken Charlan Nemeth ta Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya nuna adawar wasan kwaikwayo ba ta motsa tunani kamar ta wanda da gaske bai yarda ba. Kowa ya san wasa ne, sai a saurare shi a yi murmushi a wuce. In akwai wani a ma'aikatarku da ka san ba ya ganin tsarin zai yi aiki, wanda kake kauce wa haɗuwa da shi a baranda, shi ne za ka kai wa ziyara.

Abu ɗaya da zan ɗan yi maka faɗa a kai shi ne lokaci. Wata uku ya yi yawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan ya shafi tsarin da ku kanku. A mako na biyu, in aka ce muku kun ɗauko ta da faɗi, za ku yi dariya ku sake zane. A wata na uku maganar nan ɗaya za ta zama kamar zagi, domin kun zuba gumi. Shi ma mai ba da shawara in ya ga takarda ta sha ado, an buga ta da launi an yi mata bango, sai ya ji nauyin taɓa ginshiƙinta, ya koma gyara waƙafi da aya. Tunda aikin gama ya gama, ka rage asara: kai musu shi a shafi ɗaya ko biyu marasa ado, ka rubuta "daftari" a sama, ka ce akwai wurare biyu da kai kanka ba ka natsu da su ba. Da zarar ka fara nuna rauni da kanka, ka buɗe musu ƙofa.

Batun sata kuwa, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. A ma'aikata dabarar da aka fi sacewa ita ce wadda mutum ɗaya ko biyu kawai suka ji a ɓoye. Wadda ka aika wa mutum takwas ta imel, da sunan sashenku da kwanan wata, manajanka yana cikin waɗanda aka sanya, ta riga ta yi shaidu. Inda ya kamata ka yi hattara na gaske shi ne bayanan abokan hulɗa. In za ka nuna wa na wajen ma'aikata, cire sunaye da lambobin waya da duk abin da zai sa a gane mutum, ka kuma tambayi manajanka iyakar abin da aka yarda ya fita. Maganar a ce ba ka iya ba kuwa, ka auna biyun: akawu ya nuna maka giɓi a ofishinsa ku biyu, ko ya nuna shi a gaban shugabanni ranar gabatarwa. Zai nuna shi ko ta yaya, wurin kawai kake zaɓa.

Tarko na ƙarshe yana zuwa ne bayan ka gama sauraro, kuma shi ne wanda ya kama su Kahneman. Gwaje-gwajen da Ilan Yaniv da wasu suka yi kan karɓar shawara sun nuna cewa in ra'ayin mutum ya bambanta da na mai ba shi shawara, da ƙyar yake matsawa kashi ɗaya cikin uku na tazarar da ke tsakaninsu, ko da babu dalilin ɗauka cewa ya fi shi sani. Dalilanmu muna ganinsu, na wani kuwa sakamakonsu kawai muke ji. Maganin da na samu shi ne, kafin ka fita, ku zauna ku shida ku rubuta abin da in kuka ji shi za ku canza tsarin. Misali, in mutum uku cikin biyar suka maƙale a mataki ɗaya, matakin zai tashi, ba gardama. In sashen kuɗi ya ce ba zai iya amsawa cikin kwanakin da kuka sa ba, za a sake lissafi. In ba ku rubuta ba, za ku dawo ku ce ai ba su fahimta ba ne, ku ci gaba da abinku.

Ka ba abin mako biyu, kada ya wuce haka, don neman shawara ma yakan zama maɓoyar mai tsoron yanke hukunci. In ka gama, koma wurin kowane ɗayansu ka gaya masa abin da ka canza saboda maganarsa, wanda ba ka ɗauki tasa ba kuma ka gaya masa dalili, in ba haka ba gobe ka zo zai ce maka komai ya yi kyau. Sannan ka haɗa wa manajanka shafi ɗaya a gaban tsarin: ga waɗanda muka gani, ga inda suka maƙale, ga abu uku da muka gyara, ga biyu da muka bari yadda suke da hujjarmu. Sa sunan akawun da na mai amsa wayar a ciki, a wurin da maganarsu ta yi aiki.